Inshorar Rai da Ajali a Mahangar Musulunci: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin Musulmi idan maganar inshorar rai ta taso. Mafi yawansu sun samo asali ne daga cakuɗa mas'aloli biyu da ya kamata a raba su: mas'alar aƙida, wato imani da cewa Allah ne ya yanke wa kowane rai ajalinsa, da mas'alar fiƙihu, wato ko yarjejeniyar da ake ƙullawa da kamfanin inshora ta cika sharuɗɗan mu'amalar halal.

Me Musulunci ya koyar game da ajali?

Ya koyar da cewa kwanan kowa a ƙidaye yake tun kafin a haife shi. A Suratu Ali Imrana aya ta 145, Allah ya bayyana cewa babu ran da zai mutu sai da izininsa, a kan wa'adi rubutacce, kuma a Suratul A'arafi aya ta 34 ya ce idan ajali ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a ɗaya, ba a kuma gaggauta shi. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa ana aiko mala'ika zuwa ga ɗan tayi a cikin mahaifa, a umarce shi ya rubuta abubuwa huɗu: arzikinsa, da ajalinsa, da aikinsa, da kuma ko ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Saboda haka ne Ahlus Sunna suka tafi a kan cewa hatta wanda aka kashe ya mutu ne a kan ajalinsa, makashin bai rage masa ko yini ɗaya ba, duk da cewa za a kama shi da laifin da ya aikata da zaɓinsa. Sanin ranar kuwa Allah ya bar wa kansa, kamar yadda ayar ƙarshe ta Suratu Luƙmana ta faɗa cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta.

Idan haka ne, yaya za a fahimci hadisin da ya ce sada zumunci yana ƙara tsawon kwana?

Hadisin ingantacce ne, Anas ɗan Maliku ya ruwaito shi, kuma yana cikin Buhari da Muslim. Malamai sun yi masa fassara biyu fitattu. Wasu sun ce ƙarin na albarka ne, ta yadda mutum zai aikata a shekaru kaɗan abin da wani ba zai aikata a shekaru masu yawa ba. Wasu kuma sun ce ƙarin na haƙiƙa ne, amma a takardun da ke hannun mala'iku, inda ake shafewa a kuma tabbatar kamar yadda aya ta 39 ta Suratur Ra'adi ta nuna, alhali abin da ke cikin sanin Allah na azal ba ya canzawa, domin ya riga ya san ko bawan zai sada zumuncin ko ba zai sada ba. Fassarar ta biyu tana da amfani ga maganar da muke ciki, saboda tana nuna cewa sababi shi ma a cikin ƙaddara yake. Wanda aka ƙaddara masa warkewa, an ƙaddara masa shan maganin da zai warkar da shi.

Mece ce inshorar rai, kuma me mutum yake saya idan ya shige ta?

Yarjejeniya ce da mutum yake biyan kamfani wani adadi na kuɗi a kai a kai, kamfanin kuma ya yi alƙawarin biyan wani adadi mai yawa ga wanda aka ambata idan mutumin ya rasu. Akwai ta wa'adi, wadda idan mutum ya wuce shekarun da aka ɗiba yana raye ba a mayar masa da komai. Akwai wadda ke tafiya har ƙarshen rayuwa, akwai kuma wadda aka haɗa da ajiya, inda ake ba mutum kuɗinsa da ƙari idan wa'adi ya cika da sauran kwanansa. A cikin waɗannan duka babu inda kamfani ya ɗauki alƙawarin tsare rai ko ɗage mutuwa. Abin da ya ɗauka shi ne biyan kuɗi bayan mutuwar ta auku, domin cike giɓin abin da mamacin yake shigowa da shi gida.

Shin shiga inshorar rai jayayya ce da ƙaddara, ko alama ce ta raunin tawakkali?

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, don haka ya dace a tsaya a kai. Yin tanadi saboda abin da zai biyo bayan mutuwa ba ya karo da imani da ajali, kuma dalilan hakan a Sunna suna da ƙarfi.

Mafi kusa da mas'alar shi ne labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. A shekarar Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, ya kwanta ciwo a Makka har ya ga kamar ba zai tashi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je duba shi, sai Sa'adu ya ce yana da dukiya mai yawa kuma 'ya ɗaya ce kaɗai za ta gaje shi, ko zai iya sadaukar da kashi biyu cikin uku? Annabi ya ce a'a. Ya ce to rabi? Ya ce a'a. Da ya sauko kan sulusi, sai Annabi ya yarda, yana mai cewa sulusin ma da yawa, domin ka bar magadanka cikin wadata ya fi ka bar su matalauta suna roƙon mutane. Annabi bai ce masa ya ba da duka ya bar 'yar ga Allah ba, alhali shi ne shugaban masu tawakkali. Wani abin lura kuma, Sa'adu bai mutu a wannan ciwon ba. Ya rayu bayan haka fiye da shekara arba'in, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa. Labari ɗaya ya haɗa abu biyu: mutum bai san ajalinsa ba ko da yana ganin ya zo, kuma an umarce shi ya tsara abin da zai bari.

Haka nan lokacin annobar Amwas, wani gari a Falasɗinu, da Halifa Umar ya isa Sargu a kan hanyarsa ta zuwa Sham aka gaya masa cutar ta ɓarke, ya yi shawara ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai Umar ya amsa cewa eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai ɓangare biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ya kai su. Ga kuma hadisin Tirmizi na mutumin da Annabi ya ce wa ya ɗaure taguwarsa sannan ya yi tawakkali, ga tanadin hatsin shekara bakwai da Annabi Yusufu ya tsara a Masar, ga ruwayar Buhari cewa Annabi yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda.

Inda aƙida take shiga haɗari shi ne zuciya. Idan mutum ya ƙudurce cewa takardar kamfani ce za ta ciyar da marayunsa ba Allah ba, to ya karkata, amma wannan karkatar tana iya samun mai gona da mai gidan haya da mai ajiya a banki daidai yadda take samun mai inshora.

Ashe kamfanin da ke lissafin shekarun mutuwa ba iƙirarin sanin gaibu yake yi ba?

Ba ya yi. Kamfani bai san ranar mutuwar kowa ba, kuma da ya sani da sana'ar ta rushe. Abin da yake dogara da shi ƙididdigar jama'a ce: idan aka duba dubban mutane masu shekaru ɗaya, ana iya ƙiyasta kimanin nawa ne za su rasu a shekara, ba tare da an san su wane ne ba. Masanin taurari Edmond Halley ya wallafa irin wannan jadawali a 1693 daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, kuma kamfanin Equitable da aka kafa a Landan a 1762 ya gina kuɗin da yake karɓa a kan shekarun mai shiga. Wannan kirdado ne daga abin da aka saba gani, irin na likita da ke faɗin yadda cuta ta saba kasancewa.

To idan ba ta karo da ƙaddara, me ya sa mafi yawan malamai suka haramta ta?

Saboda yanayin yarjejeniyar kanta. Hujjojinsu manya guda uku ne.

Ta farko garari, wato rashin tabbas mai yawa a cinikin musaya, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya hana. A lokacin sa hannu, mai biya bai san nawa zai biya gaba ɗaya ba, kamfani kuma bai san yaushe zai biya ba, a wasu nau'o'in ma bai san ko zai biya ba. Wani zai biya sau uku ya rasu, iyalinsa su karɓi ninkin abin da ya zuba sau ɗari, wani kuma zai biya shekara ashirin wa'adi ya cika ya tashi hannu rabbana.

Ta biyu kama da caca, domin ribar ɓangare ɗaya ita ce asarar ɗayan, kuma abin da zai raba gardama lamari ne da babu mai iko da shi a cikinsu. A nan jahilcin ajali ya shigo cikin hukunci, amma ta ƙofar fiƙihu: tunda babu wanda ya san ranar, rataya musayar kuɗi a kanta rataya ce a kan abin da ba a sani ba.

Ta uku riba irin wadda Alƙur'ani ya haramta. Kuɗi ake bayarwa a karɓi kuɗi, da fifiko da kuma jinkiri, sannan kamfanonin sun saba juya abin da suka tara a takardun bashi masu kuɗin ruwa. Wannan ya fi bayyana a nau'in da aka haɗa da ajiya, inda ake lamunce wa mutum ƙari ƙayyadadde.

Su wane ne suka yanke wannan hukunci, kuma yaushe?

Malamin da aka fi ambata a matsayin na farko da ya tattauna inshora shi ne Ibn Abidin, malamin mazhabar Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a 1836, wanda ya yi magana a kan inshorar kayan jiragen ruwa ya kuma ce bai halatta ɗan kasuwa ya karɓi diyyar ba idan an ƙulla yarjejeniyar a ƙasar Musulunci. A 1972 kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya ce inshorar rai yadda kamfanoni suke gudanar da ita ɓatacciyar mu'amala ce. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta haramta inshorar kasuwanci a 1977 ta halatta ta taimakekeniya, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta bi sahu a 1978, sannan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da hakan a Jidda a watan Disamba na 1985, a ƙudurinta mai lamba 9. Duk wanda ya karanta dalilan da waɗannan majalisu suka kafa zai ga garari da caca da riba da cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba su ne ginshiƙan hukuncin. Ba su gina shi a kan cewa mai inshora ya yi jayayya da ajali ba.

Akwai malaman da suka halatta ta?

Akwai, kuma ba ƙananan malamai ba ne. Fitaccensu shi ne Mustafa Zarƙa na Siriya, wanda ya kare halaccinta a taron makon fiƙihu na Dimashƙa a 1961, ya kuma saɓa wa sauran mambobin majalisar Makka a 1978. Shaihu Ali Khafif na Masar shi ma ya karkata ga halacci, kuma Darul Ifta ta Masar a yau tana ba da fatawar halacci. Zarƙa yana ganin abin da mai biya yake samu shi ne kwanciyar hankali tun daga ranar farko, kamar wanda ya ɗauki mai gadi yana biyansa ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba, kuma idan aka dubi dukan masu shiga a dunƙule, ƙididdiga tana kawar da mafi yawan rashin tabbas. Ya kafa hujja da tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure suke haɗa diyya, da kuma fanshon ma'aikata da malamai suka amince da shi. Sai dai shi ma bai yarda da kuɗin ruwan da ke cikin wasu yarjejeniyoyin ba.

Masu haramtawa sun amsa cewa kwanciyar hankali ba haja ba ce da ake sayarwa, mai gadi aikinsa ake biya, kuma aƙila taimako ne tsakanin dangi ba kasuwanci ba. Ra'ayin jumhuru, wato mafi yawan malamai, ya fi ƙarfi a kan nau'in da ke da ƙari lamuntacce, domin kuɗin ruwan a fili yake. A kan nau'in wa'adi zalla kuwa saɓanin na gaske ne, kuma bai dace a jefi wanda ya bi ɗaya ɓangaren da raunin imani ba.

Mece ce takaful, kuma ta ina ta bambanta?

Takaful ita ce mafitar da majalisun suka nuna. Masu shiga suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar kyauta, a kan cewa duk wanda rasuwa ta sama a cikinsu za a tallafa wa iyalinsa daga asusun. Asusun ba mallakar kamfani ba ne, kamfani wakili ne da ke gudanar da shi a kan lada sananne, ko kuma yana juya dukiyar a raba riba bisa tsarin mudaraba. A wasu ƙasashe kamar Pakistan ana gina asusun a kan waƙafi. Idan an samu rara tana komawa ga masu shiga ko ta zauna a asusu, idan kuma an samu giɓi kamfani yana ranta wa asusun bashi marar ruwa. Ba a zuba dukiyar sai a harkokin halal, ƙarƙashin sa idon kwamitin malamai. A takaful ta iyali akan raba abin da mutum yake biya gida biyu, kashi ɗaya ajiyarsa ce ta kansa, ɗayan kuma gudummawa ce.

Tushenta a fiƙihu ƙa'ida ce da malaman Malikiyya suka fi fito da ita, musamman Ƙarafi, cewa garari yana ɓata cinikin musaya amma ana yafe shi a kyauta, tunda wanda aka yi wa kyauta bai yi asarar komai ba. A Sunna kuma akwai yabon da Annabi ya yi wa Ash'arawa, ƙabilar sahabi Abu Musa Ash'ari, waɗanda idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Kamfanin farko na wannan tsari an kafa shi a Sudan a 1979, Malesiya kuma ta yi dokar takaful a 1984.

Ba canjin suna ba ne kawai?

Tambayar tana da hujja, kuma wasu malamai sun yi ta. Suna cewa kyautar da mutum ya bayar da sharaɗin a biya iyalinsa idan ya mutu ta yi kama da musaya, kuma mafi yawan masu shiga ba da niyyar sadaka suke zuwa ba. Masu kare tsarin suna amsawa cewa bambancin yana wurin mallaka: a inshorar kasuwanci duk abin da ba a biya ba ribar masu hannun jari ne, a takaful kuwa na asusun jama'a ne, don haka babu mai cin riba daga mutuwar wani ko tsawon ransa. Wannan amsa tana tsayawa ne kawai idan an aiwatar da ita. Kamfanin da ya cakuɗa asusun masu shiga da nasa, ko ya yanka wa kansa ladan wakilci mai yawan da ba ya barin rara, ya riƙe suna ne ya saki ma'ana. Mai niyyar shiga yana da haƙƙin ya tambayi su wane ne malaman kwamitin, nawa ne ladan wakilci, ina ake zuba dukiyar, kuma yaya ake yi da rara.

Kuɗin da aka biya bayan rasuwa gado ne, ko na wanda aka rubuta sunansa ne?

Kashin ajiya dukiyar mamaci ce. Daga cikinta za a yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba sauran ga magada, kuma rubuta sunan mace ɗaya ko ɗa ɗaya ba ya soke rabon Allah, domin babu wasiyya ga magaji. Saɓanin yana kan tallafin da ya fito daga asusun gudummawa. Wasu suna ganin shi ma gado ne tunda sababinsa biyan da mamacin ya yi, wanda aka ambata kuma amintacce ne kawai da zai karɓa ya raba. Wasu suna ganin mamacin bai taɓa mallakarsa yana raye ba, don haka kyauta ce daga asusu ga wanda aka ambata. Dokar Malesiya ta 2013 ta bar wa mai shiga zaɓi tsakanin biyun. Abin da ya fi kawar da rigima shi ne mutum ya bayyana manufarsa a rubuce tun yana da lafiya, ya kuma guji amfani da wannan ƙofa don ya hana wani magaji haƙƙinsa.

Yaya hukuncin wanda wurin aikinsa ya sa shi, ko wanda ya riga ya shiga kafin ya san hukunci?

Wanda doka ko wurin aiki ya tilasta masa ba shi da laifi, domin ba shi ya ƙulla yarjejeniyar da zaɓinsa ba. Fanshon gwamnati da tsarin tallafin ma'aikata kuwa taron Majalisar Bincike ta Azhar ya halatta su tun 1965. Game da abin da kamfani zai biya iyalin ma'aikaci, malamai da yawa suna ɗaukarsa a matsayin wani ɓangare na haƙƙin aiki idan mai aikin ne ya biya kuɗin shiga, wasu kuma suna taƙaita halaccin a kan gwargwadon abin da aka zuba.

Wanda ya shiga da kansa, bisa ra'ayin masu haramtawa, zai fita idan ya samu hanya, ya karɓi abin da ya zuba, ya ba da ƙarin ga mabuƙata ba da niyyar neman ladan sadaka ba, bisa aya ta 279 ta Suratul Baƙara da ta ba mai tuba daga riba uwar dukiyarsa. Idan magadan da kansu matalauta ne, malamai da dama sun yarda su ci ƙarin gwargwadon buƙatarsu, tunda suna cikin waɗanda za a ba. Kafin ya soke yarjejeniya, ya kamata ya duba abin da kamfanin zai yanke masa da kuma ko ana iya mayar da ita tsarin takaful, sannan ya kai takardar kanta gaban malamin da ya san fiƙihun mu'amala, domin sharuɗɗan kamfanoni sun bambanta kuma fatawa tana bin abin da aka rubuta a cikinsu.